Kujera ɗaya ga mutum 600,000: nazarin mazaɓar Nassarawa a majalisar dokokin Kano

Majalisar dokokin jihar Kano kujeru 40 gare ta, ƙananan hukumomin jihar kuwa 44 ne. Ɗaya daga cikin kujerun nan ta Nassarawa ce. A ƙidayar 2006 an lissafa mutum sama da 596,000 a wannan ƙaramar hukuma, babu wadda ta kamo ƙafarta a faɗin jihar, har Dala, har Birni. Amma duk ranar da aka zo ƙuri'a a zauren majalisa, kan kasafin kuɗi ne ko kan wata doka, wakilin Nassarawa hannu ɗaya yake ɗagawa, daidai da wakilin Warawa ko na Kibiya, waɗanda kowaccensu ba ta kai mutum 140,000 ba a waccan ƙidayar.

Na zaɓi wannan mazaɓa ne saboda abu biyu sun haɗu a kanta. Ranar zaɓen gwamna ita ce sarauniya, kowane ɗan takara sai ya durƙusa mata, har ta taɓa riƙe sakamakon jihar baki ɗaya na mako biyu. Da an rantsar da gwamnati kuma sai ta koma ɗaya cikin 40. Ina ganin wannan rashin daidaito yana da hannu a yadda unguwanninta suke, da yadda mutanenta suke kaɗa ƙuri'a.

Kafin a yi nisa, kalmar mazaɓa aiki biyu take yi a bakin mutanen Kano. Ana kiran yankin da kansila yake wakilta mazaɓa, ana kuma kiran yankin ɗan majalisa da sunan. A nan idan na ce mazaɓar Nassarawa ina nufin ta ɗan majalisar jiha, wadda iyakarta ita ce iyakar ƙaramar hukumar. Ƙananan kuwa zan ce mazaɓun kansila.

Shimfiɗar ƙasar

Nassarawa tana wajen ganuwa, gabas da arewa maso gabashin tsohon birni. Faɗinta kimanin murabba'in kilomita 34 ne. Fagge na yamma da ita, Ungogo na arewa, Gezawa ta gabas, Tarauni ta kudu. Mazaɓun kansila 11 gare ta: Dakata, Gama, Gawuna, Giginyu, Gwagwarwa, Hotoro ta Arewa, Hotoro ta Kudu, Kaura Goje, Kawaji, Tudun Murtala da Tudun Wada. Wannan Tudun Wada daban take da ƙaramar hukumar Tudun Wada ta kudancin jihar, mutanen da ba 'yan Kano ba suna yawan haɗa su. Idan aka raba yawan jama'ar 2006 a kan wannan faɗi, kowane murabba'in kilomita zai tashi da mutum sama da 17,000, kuma wannan lissafin shekaru da dama ne da suka wuce.

Tarihin zaman wurin shi ya haifi siyasarsa. Da Turawa suka ci Kano a 1903 ba su tare a cikin birni ba, sai suka kafa barikinsu a waje, a Nassarawa da Bompai. Bayan jirgin ƙasa ya iso, baƙi suka yi ta kwararowa. Aka ware Sabon Gari ga mutanen kudu, Tudun Wada kuma ga 'yan arewa waɗanda ba Kanawa ba. Duk wannan yanki sunansa Waje a da. Daga baya Bompai ta zama unguwar masana'antu: masaƙu, matatun man gyaɗa, gidajen jima, masu yin alewa da kayan roba. Leburorin da ke aiki a can suna buƙatar wurin kwana kusa, wanda za su iya zuwa a ƙafa ko a keke. Haka Gwagwarwa da Birget suka cika suka batse, haka Gama da Tudun Murtala da Dakata suka bunƙasa. Daga tsakiyar shekarun 1980, tsarin tsuke bakin aljihu da rashin wuta da kayan waje masu araha suka durƙusar da yawancin masana'antun. Kamfanoni sun rufe, mutane ba su tashi ba. 'Ya'yansu da jikokinsu su ne masu katin zaɓe a yau.

Wanda ya zagaya mazaɓar zai ga kamar garuruwa uku aka ɗaure da igiya ɗaya. Akwai unguwannin masu hali, irin su Bompai da wasu sassan Giginyu da Hotoro, masu faffaɗan tituna da bishiyoyi da dogayen katangu. Akwai tsofaffin unguwannin ma'aikata na ɓangaren Birget, inda gida ɗaya kan ɗauki iyali biyar ko fiye, lungu kuma da ƙyar adaidaita sahu ke ratsa shi. Sannan akwai bakin gari, ta Dakata da Kawaji da ƙarshen Hotoro, inda gonaki suka zama filaye, filaye suka zama gidaje, yawanci awon igiya, ba a bar wa makaranta ko magudanar ruwa wuri ba. Rikicin Boko Haram ya ƙaro jama'a daga Borno da Yobe, da yawansu suka sauka ta ɓangaren titin Maiduguri. A Badawa da Birget kuma akwai Kiristoci da ƙabilu daban-daban da suka daɗe suna zaune cikin Hausawa.

Manyan hanyoyi biyu ne jijiyoyin yankin, titin Haɗeja da titin Maiduguri. A kan titin Haɗeja kasuwar 'Yankaba take, inda ake sauke kayan gwari tun kafin gari ya waye, tumatir da tattasai da albasa da kabeji, daga nan su bazu cikin gari. Dakata ta yi suna da ƙananan masana'antu da masu ƙanƙara. A Hotoro defon mai yake, tankoki na jere. A Bompai hedkwatar 'yan sandan jihar take. Akwai kuma abin da ba a cika ambata ba a wurin kamfe, wato rafin Getsi, wanda ke kwashe dagwalon masana'antun Bompai ya kai shi Jakara, Jakara kuma ta zube a madatsar Wasai ta Minjibir. Da wannan ruwa wasu masu lambu suke ban ruwa, ganyen kuma ya dawo kasuwa. Matsala ce da masana suka daɗe suna magana a kai, kuma aikin doka ne da sa ido, wato ainihin aikin majalisa.

Yadda aka yi ta zama kujera ɗaya

Kundin tsarin mulki na 1999, a sashe na 91, ya ce kujerun majalisar jiha su zama ninki uku ko huɗu na kujerun da jihar take da su a majalisar wakilai ta tarayya, a raba su yadda yawan jama'a zai yi kusan daidai. Sai ya ƙara da sharaɗi: kada su gaza 24, kada su wuce 40. Kano tana da kujeru 24 a majalisar wakilai. Ninki uku 72 ke nan. Sharaɗin ya datse su zuwa 40.

Da aka zo rabo, sai aka bi iyakokin ƙananan hukumomi. Tunda 44 ba za su shiga 40 ba, aka haɗa takwas biyu-biyu: Bagwai da Shanono, Tsanyawa da Kunchi, Kura da Garun Malam, Rimin Gado da Tofa. Sauran 36 kowacce ta tashi da kujera ɗaya, babba da ƙarama. Babu ƙaramar hukuma ko ɗaya da aka raba biyu.

A duba maƙwabta. Kaduna tana da ƙananan hukumomi 23 da kujeru 34, don haka aka samu sararin raba masu yawan jama'a: Zariya tana da Birni da Kewaye, Kaduna ta Arewa tana da Kawo da Doka/Gabasawa, Igabi tana da Gabas da Yamma. Legas ma kujeru 40 gare ta kamar Kano, amma ƙananan hukumominta 20 ne, kowacce ta samu biyu. Yawan ƙananan hukumomin da Kano take alfahari da shi, wanda ke jawo mata kaso mai tsoka daga asusun tarayya, shi ne ya toshe wa Nassarawa ƙofar samun kujera ta biyu.

Ga lissafin a sauƙaƙe. Jama'ar jihar a 2006 kimanin miliyan 9.4 ne. A raba su 40, kowace kujera ta tashi da mutum kimanin 235,000. Da wannan ma'auni Nassarawa ta cancanci kujera biyu da rabi. Ƙananan hukumomi takwas na ƙwaryar birni da kewaye, wato Birni, Dala, Fagge, Gwale, Kumbotso, Nassarawa, Tarauni da Ungogo, sun haɗa mutum sama da miliyan 2.8, kusan kashi 30 cikin 100 na jihar. Kujerunsu takwas ne, kashi 20 cikin 100. Da an bi yawan jama'a da 12 za su samu.

Wani abin da ke nuna karkacewar a fili shi ne Nassarawa ita kaɗai mazaɓar tarayya ce guda. Ke nan ɗan majalisar tarayya ɗaya, ɗan majalisar jiha ɗaya, a kan ƙasa ɗaya da mutane ɗaya. A mazaɓar tarayya ta Gaya, Ajingi da Albasu kuwa, ɗan majalisar tarayya ɗaya ne, na jiha uku. Ma'aunin ninki uku da kundin ya nufa ya tabbata a can, a nan bai tabbata ba.

Yadda take kaɗa ƙuri'a

Abu na farko da ya kamata a ajiye gefe shi ne zaɓen ƙananan hukumomi. A Kano, a zaɓukan baya-bayan nan, jam'iyyar da ke gidan gwamnati ita ke lashe duka 44, haka aka yi a 2018 da 2021 ƙarƙashin APC, haka aka yi a 2024 ƙarƙashin NNPP. Ba a gane zuciyar mutane daga nan. Zaɓen da INEC take shiryawa shi ne madubi.

A wannan madubi, Nassarawa mutum take bi, jam'iyya riga ce. Malam Ibrahim Shekarau, wanda ya kayar da gwamna mai ci Rabi'u Musa Kwankwaso a 2003 a ƙarƙashin ANPP, a Giginyu yake kaɗa ƙuri'arsa, kuma shekarun mulkinsa takwas Nassarawa gidansa ce a siyasance. A lokacin ne Nasiru Yusuf Gawuna ya yi shugabancin ƙaramar hukumar. Muhammadu Buhari ya lashe ta a 2015 da 2019 kamar yadda ya lashe dukkan ƙananan hukumomin jihar. Ba sabon hali ba ne a Kano, garin NEPU da PRP, garin da ya ba Abiola ƙuri'a ya bar ɗansa Bashir Tofa a 1993. Amma a Nassarawa halin ya fi kaifi, saboda yawancin masu zaɓen ba su da dagaci ko babban gidan da zai ce musu ga inda za a yi. Ɗan haya ne, ɗan kasuwa ne, mai tuƙa adaidaita ne, rediyo yake saurara dare da rana, a majalisar mai shayi yake yanke shawara.

Kujerar majalisar jiha kuma tana da wata ƙaddara tata. Rana ɗaya ake zaɓenta da kujerar gwamna. Mai zaɓe ya shiga rumfa da gwamna a ransa, a miƙa masa takarda biyu, ya dangwala alama ɗaya a kan duka biyun. Shi ne sak. Masu wake da shinkafa, waɗanda ke zaɓen gwamna a wata jam'iyya ɗan majalisa a wata, suna nan, amma a mazaɓa mai wannan girma ba su cika sauya sakamako ba. A ƙaramar mazaɓar karkara ɗan takara zai iya zuwa kowace jana'iza da kowane suna, mutane su san shi ido da ido, su zaɓe shi ko da guguwa ta juya wa jam'iyyarsa baya. A Nassarawa babu mai ƙafar da za ta iya wannan. Ɗan takara yana hawa ne a bayan uban gidansa, idan uban gida ya faɗi shi ma ya faɗi. Wannan ya sa biyayyarsa ta fi karkata sama, wurin wanda ya ba shi takara, fiye da ƙasa wurin waɗanda suka dangwala masa.

A cikin mazaɓar ma nauyi ba ɗaya ba ne. Ranar zaɓe titunan unguwannin masu hali shiru suke, wasu ma sun yi tafiya. Dogayen layuka suna Gama, Gwagwarwa, Tudun Murtala, Kaura Goje, Dakata. Mata su ne kan gaba wurin fitowa, su ne kuma waɗanda masu rabon taliya da atamfa da sabulu suka fi nema. Inda talauci ya fi yawa nan ƙuri'a ta fi yawa, nan kuma 'yan jagaliya suka fi samun matasan da za su ɗauka aiki.

Gama, Maris 2019

Ranar 23 ga Fabrairun 2019 Buhari ya samu ƙuri'a 1,464,768 a Kano, Atiku Abubakar na PDP ya samu 391,593. Mako biyu bayan haka, ranar 9 ga Maris, mutanen birni suka juya. Gwamna Abdullahi Umar Ganduje na APC ya riga ya raba gari da Kwankwaso tun 2016, ga kuma bidiyon dala da ya fito a ƙarshen 2018, wanda aka ce ya nuna shi yana karɓar cin hanci, zargin da gwamnan ya musanta. Kwankwasiyya ta tsayar da Abba Kabir Yusuf a PDP.

Da aka tattara sakamakon ƙananan hukumomi 43, Abba yana gaba da tazarar da ba ta kai 7,000 ba. Saura Nassarawa. Jihar da ke da masu rajista kusan miliyan biyar da rabi ta zuba ido kan ƙaramar hukuma ɗaya. Cikin daren Lahadi wayewar Litinin 11 ga wata, rikici ya ɓarke a wurin tattara sakamakon Nassarawa da ke titin filin jirgi, aka yaga takardun sakamako. 'Yan sanda, ƙarƙashin kwamishinansu na lokacin Muhammad Wakili, suka tafi da mataimakin gwamna Nasiru Gawuna da kwamishinan ƙananan hukumomi Murtala Sule Garo daga wurin. 'Yan PDP suka ɗora musu laifin, ɓangaren gwamnati ya musanta. INEC ta sake haɗa sakamakon mazaɓun kansila goma daga kwafin da ke hannu, ta soke na Gama.

A waɗannan goman PDP ta samu 54,349, APC ta samu 34,297. Tazarar 20,000 daga ƙaramar hukuma ɗaya, kusan ninki uku na abin da sauran 43 suka bayar gaba ɗaya. Jimilla ta zama Abba 1,014,474, Ganduje 987,819, tazara 26,655. Amma masu rajista a rumfunan da aka soke a faɗin jihar sun haura 128,000, sun fi tazarar, don haka baturen zaɓe Farfesa Bello Shehu ya ce zaɓe bai kammala ba. Daga ranar kalmar inkwankulusib ta shiga bakin Hausawa, har yara suna faɗarta.

Mafi girman yankin da za a sake zaɓe shi ne Gama, mai rumfuna 62 da masu rajista sama da 40,000. Mazaɓar kansila ɗaya ke nan. Abin da ya faru a kwanaki 12 da suka biyo baya shi ne ya fi tsaya mini a rai a duk wannan labari. Motocin aiki suka shiga Gama. Aka kwashe bola, aka hau gyaran titi, aka haƙa rijiyoyin burtsatse, manyan mutanen da ba a taɓa gani a lungunan ba suka yi ta sintiri. Duk abin da aka yi a kwanakin nan abu ne da mutanen unguwar suka shekara suna roƙo. Ashe ana iyawa. Ashe kuɗin yana nan, injin yana nan, hanyar zuwa Gama ma an san ta. Abin da babu a da shi ne dalilin da zai tilasta a zo.

Ranar 23 ga Maris aka sake zaɓen. Masu sa ido na Tarayyar Turai sun ba da rahoton cewa a wasu sassan Kano gungun mutane ɗauke da makamai sun razana masu zaɓe sun hana aiki tafiya yadda ya kamata. PDP ta nemi a soke zaɓen, INEC ta ci gaba. A Gama aka sanar da APC 10,536, PDP 3,409. A dukkan wuraren da aka sake zaɓe APC ta ƙara 45,876, PDP ta ƙara 10,239. Ganduje ya tashi da 1,033,695, Abba da 1,024,713, tazara 8,982. Kotun ƙoli ta tabbatar da nasarar Ganduje a Janairun 2020.

Duk mai nazarin yadda wannan yanki yake zaɓe dole ya tsaya a kan alƙaluman nan biyu. Mazaɓun kansila goma sun ba PDP kusan kashi 60 cikin 100, ta sha ɗaya, maƙwabciyarsu, mai irin mutanensu, ta ba APC kashi uku cikin huɗu bayan mako biyu. Masu goyon bayan gwamnati sun ce ayyukan da aka yi da zawarcin da aka yi ne suka yi tasiri. 'Yan adawa sun ce an hana mutanensu zuwa rumfa ne. Abin da alƙaluman kansu suka nuna shi ne cikin masu rajista sama da 40,000, kimanin 14,000 ne aka lissafa wa manyan jam'iyyun biyu, a zaɓen da duk Najeriya ta san shi zai yanke hukunci.

Ita kuwa kujerar majalisar jiha ta Nassarawa, PDP ce ta ɗauke ta a 2019, ta hannun Umar Musa Gama. APC ta samu rinjaye a zauren, don haka mazaɓar da ta fi kowacce jama'a ta yi shekara huɗu a ɓangaren marasa rinjaye. A 2022 yana cikin 'yan majalisa tara na PDP da suka bi Kwankwaso zuwa NNPP.

2023

Bayan shekara huɗu APC ta tsayar da ɗan gida. Gawuna ya yi shugaban ƙaramar hukumar, ya yi kwamishinan gona, ya zama mataimakin gwamna a 2018 bayan Farfesa Hafiz Abubakar ya ajiye, sunan da ake kiransa da shi ma sunan mazaɓar kansila ce a Nassarawa. Ko abokan hamayyarsa ba su cika zarginsa da rashin iya zama da mutane ba. Duk da haka ranar 18 ga Maris 2023 ya sha kaye a ƙaramar hukumarsa. A jiha baki ɗaya Abba ya samu 1,019,602 a NNPP, Gawuna 890,705. Kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta cire wa Abba ƙuri'a 165,663 a Satumba, kotun ɗaukaka ƙara ta bi sahunta, kotun ƙoli ta mayar masa da kujerarsa ranar 12 ga Janairun 2024.

Guguwar ta kwashe komai. Kujerar majalisar jiha ta tafi NNPP. Nasiru Ali Ahmed, wanda ya wakilci Nassarawa a majalisar wakilai tun 2011, ya rasa kujerarsa. A zaɓen sanatan Kano ta Tsakiya, inda Nassarawa take, an ga abin da ya fi wannan. Shekarau ya shiga NNPP a Mayun 2022, ya fice zuwa PDP a Agusta, amma sunansa ya ci gaba da zama a takardun INEC a matsayin ɗan takarar NNPP. Mutane suka dangwala wa kwandon kayan marmari, INEC ta sanar da shi a matsayin wanda ya ci, daga baya kotu ta ba Rufa'i Sani Hanga kujerar. Masu zaɓen sun san Shekarau ya tafi. Jar hula suka zaɓa.

Wannan ya gyara maganar da na yi a baya cewa Nassarawa mutum take bi. Mutum ɗaya take bi a lokaci guda, jagoran da ta yarda da shi, sauran 'yan takara duk a inuwarsa suke. Zama ɗan unguwa bai ceci Gawuna ba, shekara 12 a majalisa ba su ceci ɗan majalisar tarayya ba.

Abin da ake rasawa

Wani zai ce to mene ne a ciki, 'yan majalisar jiha ai 'yan amshin shatan gwamna ne, ko biyu ne ko uku duk ɗaya. Akwai gaskiya a maganar, amma ba duka ba. Wannan majalisa ce ta yi dokar da ta ƙirƙiro masarautun Bichi, Rano, Gaya da Ƙaraye a 2019, ita ce kuma ta rushe dokar a Mayun 2024. Ita ke amincewa da kasafin kuɗi da bashin da gwamnati za ta ci, ita ke tantance kwamishinoni. A aikace kuma, idan ana rabon ayyukan mazaɓu, ko guraben aiki, ko kujerun tallafi, da kan ɗan majalisa ake lissafi. Ajujuwa shida a mazaɓa mai mutum 130,000 wani abu ne. A mazaɓa mai 600,000 ɗigon ruwa ne a rairayi. Kason ƙananan hukumomi daga asusun tarayya ma haka yake, kashi 40 cikin 100 daidai wa daida ake raba shi, kashi 30 ne kawai ke bin yawan jama'a.

Mutanen karkara suna da tasu hujjar, kuma ban raina ta ba. Za su ce ku 'yan birni gidan gwamnati yana bakin ƙofarku, gidajen rediyo naku ne, gadar sama ta Hotoro a wurinku take, asibitin ƙwararru na Giginyu da na Sir Sanusi a wurinku suke, mu kuwa mai naƙuda sai an yi tafiyar awa guda da ita a kan babur. Ɗan majalisar Doguwa ko Sumaila yana da ƙasa mai faɗi da zai zagaya. Duk haka ne. Sai dai gadar sama matafiyi take yi wa aiki, ba ta rage yawan yaran da ke zaune a ƙasa a ajin firamare na Tudun Murtala, ba ta kwashe kwatar da ke shiga gidaje a Gwagwarwa da damina. Manyan ayyukan da ake gani daga cikin mota gwamna ne ke yin su don jiha ta gani. Ƙananan da ke cikin lungu, famfo da magudana da ɗakin shan magani, su ne ke buƙatar wakilin da zai yi ta naci a kansu, kuma nacin mutum ɗaya ba ya isa mazaɓun kansila 11 masu wannan cunkoso.

Gyaran yana da wuya ta kowace fuska. Sashe na 114 ya ɗora wa INEC sake duba iyakokin mazaɓu, tsakanin dubawa da dubawa kada ya gaza shekara goma, kuma tana iya yi bayan ƙidaya. Amma taswirar da ake amfani da ita tun 1996 aka shata ta, zamanin Abacha, kafin a dawo mulkin farar hula. Abin da INEC ta iya yi a 2021 shi ne ƙara rumfunan zaɓe, na Kano suka tashi daga 8,074 zuwa 11,222. Layi ya ragu, kujera ba ta ƙaru ba. Tunda Kano ta riga ta kai 40, hanya biyu ce kawai. Ko a gyara sashe na 91 a ɗaga rufin, wanda ke buƙatar majalisar tarayya da kashi biyu cikin uku na majalisun jihohi. Ko kuma a ƙara haɗa wasu ƙananan hukumomin karkara biyu-biyu a ba birni kujerun da suka rage, sannan majalisar tarayya ta amince kamar yadda sashe na 115 ya tanada. Kowace kujerar da za a ba Nassarawa ta wannan hanya daga hannun wani za a karɓe ta, kuma wanin nan yana da uban gida.

Ga kuma maganar ƙidaya. Tun Maris 2006 ba a sake yi ba, wadda aka shirya a 2023 an ɗage ta. Duk alƙaluman jama'a da na kawo a nan na wancan lokacin ne, lokacin da wurare da dama a bayan Dakata da Hotoro gonaki ne. Yaron da aka haifa a Gama wata guda bayan an gama ƙidayar ba ya cikin 596,000 ɗin. Ya cika shekara 18 a 2024, kuma idan ya yi rajista, a 2027 zai kaɗa ƙuri'arsa ta farko a babban zaɓe, a kan iyakar da aka shata shekara goma kafin a haife shi.